Mijina Likita Ne, Sai Barci Yake Kawo Min Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Mijina likita ne a babban asibitin ƙaramar hukumarmu a Jigawa. In yana kol, wato aikin jiran kiran gaggawa dare da rana, sai in kwana biyu ban sa shi a ido ba, in ya dawo kuma ko tuwo bai gama ci ba barci ya ɗauke shi. Ko dai ya gaji da ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki zargi zuciyarsa, duba aikinsa. Asibitin karkara ba kamar asibitin Malam Aminu Kano ba ne, inda kowane sashe yake da likitocinsa. A ƙauye, mutum ɗaya ne zai duba marasa lafiya da safe, ya shiga tiyata in haihuwa ta zo da gardama, a tashe shi tsakar dare saboda hatsarin babur. Daga Agusta zuwa Oktoba kuwa, zazzaɓin sauro ke cika ɗakin yara maƙil. Wanda ya kwana a tsaye haka, ba ƙinki ya yi ba in ya yi shiru.

To amma gajiya ba ta soke haƙƙi. A hadisin Salmanul Farisi da Abu Darda, Manzon Allah (SAW) ya gaskata maganar cewa iyalinka suna da haƙƙi a kanka.

Ki nemi ya ba ki jadawalin kol ɗinsa na wata, ki liƙa a ɗaki. Yawancin ɓacin ran daga jiran da ba shi da ranar ƙarewa yake zuwa. Ranar da ya sauka, kada ki tare shi a zaure da maganar kuɗin makaranta ko rigimar dangi. Ya yi wanka, ya yi barci, bayan la'asar sai ku zauna, waya a gefe. Ko rabin awa ce, in ta tabbata kowane mako, ta fi alƙawarin Umara da ba a san shekararsa ba.

Kuma don Allah, ki daina bari maƙwabta suna sallama da katin asibiti a ranar hutunsa. Na san da kunya, amma in ba na gaggawa ba ne, ki ce yana barci.

In kuwa kin ga ba ya kol amma majalisa ta fi gida samunsa, wannan ba aiki ba ne. Ki gaya masa ƙarara cikin ladabi. In bai canza ba, a sa babba a gidansu ya ji.