Inna tana cewa matata ta sace mata kuɗi: sammu ne ko ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ta haura shekara 70, muna zaune tare a unguwar Birni, nan Zinder. Shekara biyu ke nan tana mantuwa, abin sai gaba yake yi. Ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, ta yi sallar la'asar ta sake tayarwa. Da almuru sai ta ɗaure kayanta, wai za ta Mirriya wurin babanta, wanda ya rasu tun ina yaro. Abin da ya fi tayar mini da hankali, kullum cewa take matata ta sace mata kuɗi, alhali matar ce ke yi mata wanka da wanki. Ƴan'uwana mata sun ce sammu matata ta yi mata, sai na sake ta. Mun kai ta wurin wani mai magani, ya ce aljani ne, ya karɓi jika 80, ya yi mata hayaƙi, babu sauƙi. Yanzu kulle ta muke yi da dare, muna ba ta ƙwayar barci ta wurin masu talla. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka maka da alheri. Kada ka saki matarka, kuma kada ka ƙara kai ko dala wurin mai hayaƙi. Ban ga Inna da idona ba, amma mantuwar da ta shigo a hankali, ta shekara biyu tana ƙaruwa, har ta taɓa ci da salla da gane zamani, ta yi kama ƙwarai da cutar mantuwa, wadda mutane ke kira gigin tsufa. Mafi yawanta, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, nau'in Alzheimer ne. A nan kuma muna yawan ganin wadda hawan jini ya jawo, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya sani.

Maganar sammun nan ita ta fi ci mini rai, don da wuya mako ya wuce ban ji ta ba. Ga abin da ke faruwa. Sashen ƙwaƙwalwar da ke ajiye sabon abu shi ke fara lalacewa, tsohon ajiya kuwa yana daɗewa. Inna za ta ƙulle kuɗinta a haɓar zane, ko ta tura su ƙarƙashin katifa, ko cikin kwanon da ke can ƙasan jere. Bayan ɗan lokaci ajiyar ta goge daga kanta sarai, amma ta san tana da kuɗi, ta laluba ba ta gani ba. To wa ya ɗauka? Wa ke shiga ɗakinta? Mai share mata ɗaki, mai kaɗe mata shimfiɗa. Shi ya sa zargin ba ya faɗawa kan ɗiyar da ke Yamai tana bugo waya ran Juma'a, sai kan wadda ke kwashe mata fitsari. Haka abin yake a Faransa, haka yake a Japan, inda ba a cika zancen sammu ba. Da ƴan'uwanka ne ke jinyar, da su Inna za ta kira ɓarayi.

Haka ma tashin da take yi da almuru. Mutane na cewa ai lokacin fitar aljanu ne, ga hujja. Likitoci sun daɗe da sanin wannan rikicewar ta yamma: haske ya ragu, inuwa ta yi yawa, ƙwaƙwalwar da ta wuni tana fama ta gaji. Gidan da ta fi tunawa shi ne na ƙuruciyarta, sai ta nemi hanyar Mirriya.

Mai maganin nan ya san ba zai warkar da ita ba. Abin da ya sani shi ne ciwon yana da ranakun lafawa, in ta wayi gari da dama-dama ya ce aikinsa ne, in ta rikice ya ce aljanin mai taurin kai ne, a ƙaro kuɗi, a kawo baƙin bunsuru. Na ga tsofaffi da aka kawo da tabon igiya a ƙafa, da ƙuna a hanci, da ciwon huhu bayan an lulluɓe su da bargo a kan garwashi. Akwai wadda jikokinta suka daina cin abin hannunta don an ce mayya ce, tsohuwar da ta goye su duka. A arewacin Ghana har matsugunai ake da su, irin na Gambaga, inda matan da aka kora da sunan maita ke fakewa, yawancinsu tsofaffi. Ƙarshen wannan hanyar ke nan. Ba na hana kowa addu'a, ku yi mata, ku karanta mata Alƙur'ani, sau da yawa ma karatun da ta saba ji yana kwantar mata da hankali fiye da ƙwaya. Amma Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5 sun ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har ya rasa sanin abin da ya sani. Ina aka ce a ɗaure shi, ko a nemi wanda za a ɗora wa laifi? Wanda ya raba aure a kan zato, ya ci kuɗin mai jinya a kan ƙarya, ya shirya amsar da zai bayar.

Ƙwayar barcin nan ma tana da haɗari. Yawanci dangin diazepam ce, tana ƙara wa tsoho ruɗewa, ta sa shi jiri, ya faɗi ya karya ƙugu, kuma tsohon da ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya sake tashi. In ta daɗe tana sha kada ku yanke ta dare ɗaya, ku kai wa likita kwalin ya tsara yadda za a janye.

Ku kai ta asibiti cikin makon nan. Ku fara da na kusa da ku, ku nemi takardar turawa zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder. A auna hawan jini da suga, a duba fitsari, ƙarancin jini, sinadarin B12 da aikin maƙoƙo, a duba ido da kunne, domin wasu daga cikin waɗannan suna kwaikwayon cutar kuma suna jin magani. Ita kanta cutar har yau babu maganin da ke warkar da ita. Magunguna irin su donepezil da memantine suna ɗan rage alamu ga wasu na wani lokaci, shi ke nan. Duk ranar da kuka ga ta rikice farat ɗaya fiye da yadda kuka saba, ku zargi zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari ko ƙishirwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu, ku garzaya da ita.

A gida, ku daina musu da ita. In ta ce an sace kuɗi, a ce mata "Inna, mu duba tare", a kuma lura da maɓoyarta, don wuri biyu ko uku ne take maimaitawa. A bar mata ƴan canji, manyan kuɗi kai ka riƙe. In ta ɗaure kaya, kada a ce babanta ya rasu, za ta yi kuka kamar yau aka faɗa mata. A ce ta sha fura tukuna, a tambaye ta labarin Mirriya, a kunna fitila tun kafin duhu. Ƙofar gida ake kullewa, ɗakinta a bar shi buɗe, wani ya kwana kusa. A rufe rijiya, a ɗinka lambar wayarka a mayafinta, a sanar da maƙwabta da masu kabu-kabun bakin layi.

Kada ku jira hukuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ƙasashe sun amince da shirin yaƙi da ita a 2017, amma zuwa 2021 kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da tsarin ƙasa. Japan ta kafa inshorar kula da tsofaffi tun 2000. Mu a Nijar, tun 2006 aka yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da kuɗin fiɗar haihuwa, abu mai kyau, amma tsohuwa irin Inna komai nata daga aljihun ɗanta yake fita, jinyar kuma ta faɗa kan mace ɗaya a cikin gida.

Don haka ka tara ƴan'uwanka, in da hali ku zo asibiti tare su ji daga bakin likita. Kowace ta ɗauki kwananta a mako, ta zo ta yi wankan, ta kwana da Inna. Wadda ke nesa ta aiko da kuɗin magani da na mai taya aiki. Matarka kuma ka ba ta haƙuri a gabansu, ka bar ta ta je gidansu ta huta ko da kwana biyu ne a wata, don wannan jinyar tana iya ɗaukar shekaru.