Faifan CD na masana'anta buga shi ake yi kamar hatimi

Malam, ka tambaya ko a masana'anta ma kwamfutoci ake jerawa ana ɗora waƙa a faifai ɗaya bayan ɗaya. A'a, can bugawa ake yi.

Da farko akan shafa wa wani faifan gilashi sinadari mai jin haske, sai hasken leza ya zana waƙar a kansa, ƙananan ramuka da ido ba ya iya gani. Ba a barin ƙura ta shiga ɗakin nan, domin ƙwaya guda tana iya ɓata aikin duka. Daga gilashin ake fitar da hatimin ƙarfen nikel.

Sai a narkar da robar polikabonet, inji ya matse ta a jikin hatimin. Cikin 'yan daƙiƙoƙi faifai ya fito, faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, ramukan duk sun zauna a jikinsa. A shimfiɗa masa alminiyam siriri don ya riƙa mayar da haske, a rufe da ruwan kariya, a buga suna.

Don Allah ka kula, ramukan sun fi kusa da gefen da ke da rubutu, shi ya sa ƙarzuwa ta wannan gefen ta fi illa.