Ƙuraje da makero a filin kokawa: amsa ga ƙanenmu mai tambaya

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka. Ka ce tun da ka fara fita atisayen kokawa ƙuraje suka feso maka a wuya da ƙugu, daidai inda guru ke zama, sannan wani tabo mai zagaye ya fito maka a damtse. Ka sayi man shafawa a kemis ya dushe, da ka daina shafawa ya dawo ya fi da faɗi, ga shi gasa na matsowa, kana son sanin ko ka ci gaba da shiga fili. Na ga wasu sun ce maka zafin jini ne, wasu sun ce sammu ne. Ni na yi kokawar ƙasa, na ɗan taɓa judo a kan katifa, yanzu kuma yara nake koya wa a nan Sakkwato, don haka zan faɗa maka abin da na saba gani a jikin 'yan wasa.

Abu biyu ne a jikinka, kada ka haɗa su. Na wuya da ƙugu, bisa yadda ka kwatanta, ƙurajen gumi ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, gumi ya haɗu da ƙura ya toshe ƙofofin fata, yashi kuma ya yi ta gurzar wurin. Wannan ba ya yaɗuwa ga kowa. Ka kwance gurunka yau ka juya cikinsa ka duba: za ka ga gishirin gumi ya bushe fari-fari a kan fatar, ga baƙar dauɗa ta cushe bakin ɗinki, ka kankare da farce ta fito kamar danƙo. Wannan ne ke kwana yana tashi a kan ƙugunka. Ban ce ka yar da kayanka ba, na san abin da suke nufi ga ɗan kokawa. Amma ka riƙa ɗaura su a kan ƙyalle mai tsabta, ba a kan tsurar fata ba, ana tashi daga wasa ka kwance, ka goge, ka rataye inda iska ke shiga. Wanda ke barin guru da kambu a jiki har ya kwana da su, ƙurajensa ba sa jin magani.

Na damtsen shi ne abin dubawa. Tabo mai zagaye, bakinsa ya ɗan tashi yana ɓarewa, tsakiyarsa ta yi kamar ta warke, yana ƙaiƙayi idan an yi gumi, wannan kamannin makero ne. Wata ƙwayar cuta da ake kira fangas ke kawo shi, kuma daga jikin mutum zuwa jikin mutum take tafiya. Shi ya sa a wurin 'yan kokawa ya fi fitowa a wuya, gefen fuska, kafaɗa da hannu, wato wuraren da ake haɗawa idan an sarƙe. Duk ƙasar da ake kokawa an san shi, ba ƙazantar ɗan Sakkwato ba ce.

Dalilin da ya sa naka ya dushe ya dawo, ina kyautata zaton irin man nan ne mai haɗi uku aka ba ka, wanda ke da sitiroyid a ciki, irin su betametason ko kulobetasol. Shi sitiroyid yana kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, sai mutum ya ɗauka ya samu lafiya, alhali ya raunana garkuwar fatar wurin ne, fangas ɗin na ta cin gabansa a ƙasa. Da an bari sai ya ɓullo ya fi da girma, wani lokaci ma zagayen ya ɓace har likita ya sha wahalar gane shi. Ka ɗauki kwalin ka koma, ka sa a karanta maka abin da ke ciki. Idan akwai sitiroyid ka ajiye shi. Abin da ake shafa wa makero shi ne kulotirimazol ko tabinafin zalla, safe da yamma, a wuce bakin tabon kaɗan, a yi mako 2 zuwa 4, kuma a ƙara kamar mako guda bayan ido ya daina ganinsa. Nan mafi yawan yarana ke faɗuwa, suna ganin wuri ya yi sumul sai su jefar da magani.

Idan kuwa ya hau kai ya zama kora, ko ya shiga gemu, ko tabon ya yi yawa, man shafawa ba ya kai wa tushen gashi. Sai an sha ƙwaya na makonni, kuma likita ne zai rubuta. Ka je Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin unguwarku su duba. Don Allah kada ka bari a kankare maka da reza, ko a ɗiga maka ruwan batir ko man birki, ko a ɗaure maka dakakkiyar tafarnuwa. Na ga yaron da aka yi wa haka a wuya, makero ya koma gyambo, ya rasa kakar wasa gaba ɗaya, tabon ƙunar yana nan har yau.

To batun shiga fili fa? A'a, ba yanzu ba. A makarantun Amurka ƙa'idarsu ita ce mai makero a jiki sai ya yi awa 72 yana kan magani kafin ya yi wasa, a kuma rufe wurin, na kai kuwa kwana 14. Ni nakan ƙara wa yarana kwanaki a kan haka, domin filasta ba ta zama a jikin da ke gumi cikin yashi, kamu ɗaya ta ɓalle. Hutun kamu ba hutun atisaye ba ne. Ka yi gudu, ka ɗaga nauyi, ka yi aikin ƙafa, ka tsaya bakin da'ira ka kalli yadda manya ke sa ƙafa. Abin da aka hana ka shi ne haɗa jiki.

Tun da an taɓo maganar, akwai wasu da ya kamata kowa a nan ya iya ganewa. Ƙazuwa ƙaiƙayinta da dare ne, a tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu da matsematsi, kuma idan ta shiga ɗakin da 'yan wasa ke kwana sai an yi wa kowa magani rana ɗaya, an wanke kaya da ruwan zafi an baza tabarmi a rana. Maruru da ƙurji mai mugunya baktiriya ne, kada a matse, kada a shiga fili da shi, idan ya zo da zazzaɓi ko kaluluwa ko jan ya fara faɗi, asibiti a ranar. Wanda na fi tsoro shi ne ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a cure wuri ɗaya a fuska ko wuya, suna zafi suna zugi. Bairos ne, dangin wanda ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, idan ya shiga jiki ba ya fita, lafawa kawai yake, kuma idan ya kusanci ido yana iya taɓa gani. A 2007 sai da jihar Minesota ta Amurka ta dakatar da kokawar makarantun sakandare na kwana 8 saboda shi.

Tsabtar kuwa ba ta da tsada, lokacinta ne mutane ke kuskurewa. Wankan da ke da amfani shi ne wanda aka yi ana tashi daga wasa. Mu kuwa al'adarmu a tashi, a zauna hira da ƙura a jiki, a sha fura, a hau mashin zuwa gida, a yi wanka bayan isha'i. Idan filinku ba ruwa, ku haɗa kuɗi mai ruwa ya riƙa ajiye muku jarkoki. Sabulu na yau da kullum ya isa, kada ka dirje fata da soso mai kaushi har ta yi ja, domin fatar da ta kuje ita cuta ke samun ƙofa a kanta. Masu zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa cikin bokiti su ma suna ƙona fatarsu ne a banza. Tawul, soso da gajeren wando kowa da nasa. Wandon da aka yi wasa da shi yau a wanke a shanya a rana, kada a cusa cikin leda a sake sawa gobe da danshinsa. A yanke farce. Mai hali ya sayi injin askinsa, don kora tana yawo a wurin aski. Da hunturu kuma matsalar juyawa take, fata ta bushe ta tsage, faso ya buɗe, sai a riƙa shafa man kaɗe bayan wanka.

Shi ma filin yana son kulawa. A tsince kwalba da ƙaya, a share kashin dabbobi, a hana karnuka da kyanwoyi kwana a yashin, domin daga kashinsu ake samun tsutsar nan da ke bin ƙarƙashin fata tana zana layi. Duk wanda ya ji ciwo a ƙasa a wanke da sabulu nan take, a tambaye shi rabonsa da allurar tetanos. Masu katifa su goge ta kullum da ruwan bilic, kamar kashi 1 cikin 100 na ruwa, kada kuma a tako ta da ƙafar da aka shiga bayi da ita.

A wurina kafin a fara, kowa yana cire riga in zagaya in duba wuya, bayan kunne, hammata da hannu a hasken rana. Da farko sun ɗauka wulaƙanci ne, yanzu su ke nuna min da kansu. Ka gaya wa mai koya muku halin da kake ciki, ko da kana jin nauyi. Ka kuma ce wa wanda ka fi kamawa da shi ya duba jikinsa, haka ƙannenka na gida idan akwai mai kora, don idan ba a yi musu magani tare da kai ba daga wurinsu zai sake dawo maka. Idan ka yi mako 2 kana shafa maganin da ya dace ba ka ga sauƙi ba, ka je likita ya duba, wataƙila ba makero ba ne. Allah ya ba ka lafiya.