Hannuna ba ya cim ma bakin malami a anfi: yaya zan yi da rubutun darasi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ƴar shekarar farko a Jami'ar Abdou Moumouni, ina karatun shari'a, bara na samu bak ɗina a Tawa. A lise shifta ake mana, mu rubuta a tsanake. Nan kuwa a anfi, wato babban zauren darasi, malami magana kawai yake yi, kafin in gama jimla ɗaya ya wuce uku. In na koma ɗaki na buɗe kayye sai in tarar da rubutu guntu-guntu, ni da na yi shi ma ba na gane shi. Ƙawayena sun ce in bar wahala, in ɗauki hoton kayyen wata da waya, ko in jira fotokofi. Malam, mene ne mafita?
Wata ɗaliba, Harobanda, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa lau. Mai magana yakan furta kalma sama da 100 a minti guda, hannu kuwa da ƙyar yake kai 30 in ana son rubutun ya karantu. Ko wace ce ta zauna a wannan benci, bakin malami zai tsere mata. Saboda haka ki daina tsere da shi. Abin da jami'a take nema a wurinki shi ne ki saurara, ki zaɓa, sannan ki rubuta, kamar mai tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

Akwai abin da dole a kama shi kalma da kalma. Ma'anar kalmar shari'a in malami ya ba da ita, lambar ayar doka, shekara, sunan kotu, da duk abin da ya tashi ya rubuta a allo. Sai tsarin darasin, wato I, A, 1 ɗin nan da malamanmu suke bi, don shi ne ƙashin bayan komai. In kika riƙe shi, ko kin rasa jimla goma kin san gurbin da suka faɗa. Ki kasa kunne ga inda ya rage sauri, ko ya maimaita, ko ya ce "retenez bien" ko "en résumé". Nan ne yake nuna miki abin da ya dame shi, kuma sau da yawa nan tambayar jarabawa take fitowa. Misalai da labaran da yake kawowa, kalma biyu ta isa ta tuna miki da su. Ki gajarta: càd (c'est-à-dire), bcp (beaucoup), gvt (gouvernement), dvpt (développement), kibiya a madadin "entraîne". In Hausa ce ta fi zuwar miki da sauri a lokacin, rubuta da Hausa, kayyenki ne. In kuma abu ya kuɓuce, ki bar fili, ki sa alamar tambaya, ki bi malami inda yake. Mai tsayawa neman jimlar da ta wuce, ta gaba ma sai ta wuce shi.

Kafin a fara darasi ki ja layi a tsaye a kowane shafi, ki ware wajen kashi ɗaya cikin uku a hagu, ki bar layi biyar ko shida a ƙasa. A anfi ɓangaren dama kaɗai za ki taɓa. Wannan tsari ana kiransa tsarin Cornell, wani malami mai suna Walter Pauk ne ya fito da shi a jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950. Amma ni duk lokacin da nake koyar da shi, malaman zaure nake tunawa. In kin samu sarari ki je sashen tsofaffin littattafan Larabci da ajami na IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam da ke nan Yamai, sashen da tarin littattafan marubuci Boubou Hama ya zama tushensa. Za ki ga shafi da matani a tsakiya, an bar gefe da faɗi, almajiri ya cika shi da ƙananan rubutu, wani wuri fassarar kalma ce da ajami, wani wuri sharhin da ya ji daga bakin malaminsa. Sun san cewa matani na mai littafi ne, gefe kuwa na mai karatu.

To ga inda nake so ki fi ba ni hankalinki. Abin da kika fito da shi daga anfi ɗanye ne, daren ranar ake dafa shi. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga baya take lafawa. Guntun rubutun da bai karantu gare ki bayan sati biyu, a daren da kika yi shi yana karantuwa sarai, domin muryar malami tana nan a kunnenki. Don haka bayan sallar isha'i, ko da minti 20 ne ga kowane darasi, ki buɗe kayye. Ki cike guraben da kika bari. A gefen hagu ki juya kowane sakin layi ya zama tambaya: mene ne bambancin doka da al'ada? Waɗanne sharuɗɗa ne yarjejeniya take ƙulluwa da su? A filin ƙasa ki taƙaita shafin cikin jimla biyu ko uku da kalmominki.

Sannan ki rufe ɓangaren dama da takarda, ki karanta tambayar, ki amsa da baki. Na fi so ki fara amsawa da Hausa, kamar kina yi wa innarki bayani a tsakar gida. Faransanci yana iya ruɗin mutum: jimla ta zauna a harshe daram, kina ji kamar kin gane, alhali haddace sautinta kawai kika yi. Ranar da kika iya faɗin ma'anar "personnalité juridique" da Hausa ba tare da kin yi tuntuɓe ba, kin riƙe ta, mayar da ita Faransanci a takardar jarabawa ba zai gagare ki ba. Masu bincike biyu, Roediger da Karpicke, sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka rufe rubutu suka gwada tunowa sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan: ba a wanke allo sai an kife shi an biya wa malam da ka.

Na taɓa samun wata ɗaliba da kayyenta ya fi na kowa kyau a ajin. Biro kala uku, kanun darasi da ja, an ja layi da rula, ko ɗigon gyara babu. Kullum dare sai ta sake kwafe darasin ranar daga farko har ƙarshe a sabon kayye, wani lokaci da fitilar waya in an ɗauke wuta. Da sakamako ya fito bai yi kyau ba, ta zo ofishina idonta cike da hawaye, ta ɗora kayyen a tebur. Na rufe shi, na ɗora hannuna a kai, na ce ta gaya mini abin da ke shafin farko. Ta yi shiru, ta kalli bangon kayyen, leɓenta yana motsi. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don yarinyar ba ta da lalaci ko kaɗan, ƙarfinta ne ya tafi a kwafi. Muka koma tsarin tambaya a gefe, ta bar sake kwafewa, a zango na biyu ta ci darussanta.

Maganar hoto da fotokofi kuwa, ban hana ki ba, amma faci ne, ba riga ba. Ranar da ba ki da lafiya, ko kika rasa wani yanki, ki nemi kayyen ƙawarki ki cike naki da hannunki. Hoton da ya shiga waya yakan nutse cikin saƙonnin WhatsApp, sai daren jarabawa a tuna da shi. Kuma kayyen wata zaɓinta ne, har da kurakuranta. In ta rubuta lambar aya ba daidai ba, duk wanda ya kwafa ya gaji kuskuren. In malami ya ba da polikofi, wato bugaggen darasinsa, ki karanta shi kafin darasi, ki shiga da shi, ki riƙa rubuta ƙarin bayaninsa a gefe. Ɗaukar murya kuma sai da izininsa, kuma ki tuna darasin awa biyu awa biyu zai ci miki wajen saurare.

A tsarin LMD (lisans, masta, doktora) kowane zango kiredi 30 ne, wato ma'aunin nauyin darussa, kuma kafin ki farga jarabawa ta ƙwanƙwasa ƙofa, don haka kada ki bari darussa su taru. Kowane darasi da kayyensa, kowane shafi da kwanan wata. Ki yi sammako ki samu bencin gaba, inda murya take isowa sosai kuma allo yake ganuwa. Ki nemi ƙawaye biyu masu himma, ranar Asabar ku zauna ku gwama kayye, kowacce ta jefa wa ƴar'uwarta tambayoyin da ta rubuta a gefe. Ki gwada haka sati uku, sannan ki sake rubuto mini in ji yadda ta kasance. Allah ya ba ki sa'a, ɗiyata.