Baba ya ki yarda ayi masa aikin yanar ido saboda sujada

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Aboabo nake nan Kumasi. Babana yanar ido ce ta rufe masa ido, mun kai shi asibitin Komfo Anokye dokta yace sai aiki, shi kuma yace atafau ba za'a kwakule masa ido ba, kuma wai yaji ana hana mutum sujada. Ya hukuncin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya baiwa Baba lafiya. Aikin nan halal ne, Annabi (SAW) yace ku nemi magani ya bayin Allah. Maganar kwakule ido kuwa zancen bakin titi ne, idon na nan a mazauninsa. Kwayar dake bayan bakin ido ce ta dushe, yawanci tsufa ke kawo haka ko ciwon suga. Za'a diga masa magani ko ayi allura a gefen idon ya daina jin zafi, yana farke yana jin maganar likitoci, sai ayi dan tsagi karami a zaro kwayar, wani wajen kuma da na'ura ake farfasa ta a zuke, sannan a saka ta roba a gurbinta wadda ba'a sake cirewa, duka kamar minti 15 zuwa 30 an gama an rufe da bandeji. Robar nan ba najasa bace, ba ruwanta da alwala.

To sai sujada, nan ne nake mamakin dattawanmu da suka yi zaman zaure, domin mas'alar tana cikin Mukhtasar na Shehu Halilu, littafin fikihun Malikiyya, karara, yace ya halatta ayi aikin ido ko da zai sa mutum yayi sallah a zaune, inda aka yi sabani shi ne kwanciya rigingine, cikin malaman Malikiyya Ibnul Kasim yace a sake sallar, Ashhabu kuma yace uzuri ne, kuma aikin yanzu ba wanda ake cewa ya kwana da yini a rigingine. In dokta yace kar ya sunkuyar da kai na wasu kwanaki, yayi sallarsa da nuni, nunin sujada yafi na ruku'u kasa, ladarsa cikakke babu ramuwa. Abinda Annabi ya gaya wa Imrana dan Husaini kenan, in baka iya tsaye ba kayi a zaune.

Alwala ya wanke sauran fuskar a hankali ya shafi bandejin, kar ruwa ya shiga.

Maganin digawa kuma kar ya tsallake shi don azumin nafila. In Ramadan ne, a Malikiyya in dacin ya kai makogwaro sai ya rama ranar babu kaffara, majalisar fikihu da ta zauna a Jidda 1997 kuwa tace baya karyawa muddin bai hadiye ba. Ni dai nafi so ku sa ranar aikin bayan karamar sallah in dokta yace jinkirin ba zai cutar ba.

Ku tafi da katin NHIS dinsa na inshorar lafiya, cire yanar ido na cikin abinda ya kunsa, kuma kar ku bari masu yawo da allura a zango su taba masa ido, su tura kwayar ciki kawai suke yi. Wallahu a'alam.