Bashin karatu na NELFUND: akwai ruwa a ciki, kuma wa zai biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Jos, ni kuma ɗan tireda ne, kuɗin rajista ya fi ƙarfina. An ba ni shawarar ta nemi bashin karatu na gwamnati, amma ina tsoron riba, ina kuma tsoron a zo a kama ni idan ta kasa biya. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani uba, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bashin da ake nufi shi ne na NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya da ke ba ɗalibai bashin karatu, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokarsa a watan Afrilun 2024, aka kuma buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Babu ruwa a cikinsa, abin da aka karɓa shi za a mayar. Tsoronka na biyu ma dokar ta kawar da shi, domin ta soke sharaɗin kawo masu tsaya wa mai karɓar bashi da ke cikin tsohuwar dokar 2023, don haka bashin yana wuyan ɗalibar ne, ba wuyanka ba, ba kuma wuyan wanda zai aure ta ba.

Ɗaliban makarantun gwamnati ake ba, kuma Jami'ar Jos ta tarayya ce. Za ta buƙaci lambar JAMB, da NIN, da BVN, da takardar shaidar samun gurbi, sai dai dole makarantar ta riga ta tura sunanta ga asusun. Da kanta za ta cike fom ɗin a shafin nema, kada ta ba wani ko sisi da sunan zai yi mata hanya.

Inda nake so ku zauna ku yi lissafi shi ne bashin kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ake turawa kai tsaye asusun jami'a ba tare da ya bi ta hannunta ba, akwai kuma kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusunta na banki. Na biyun nan ne ke yaudarar yara, saboda suna ganin saƙon banki a waya sai su ɗauka alawus ne, alhali duk wata goma naira 200,000 ce ta hau kansu. Tunda Unguwar Rogo ba ta da nisa da harabar jami'ar da ke Titin Bauchi, idan daga gida za ta riƙa zuwa, ta ci tuwon gida, a ganina ta karɓi na makaranta kawai, ku kuma ku ɗauki nauyin kuɗin Keke.

Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Mai albashi za a riƙa cire masa kashi 10 cikin 100 daga wurin aiki, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi 10 na ribarsa a wata. Wanda bai samu aiki ba zai iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar takardar rantsuwa, amma yin ƙarya a nan laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Ta samu littafi ta riƙa rubuta abin da aka biya mata kowace shekara, ta ajiye rasit ɗin ofishin kuɗi na jami'a tare da shi, kuma ta tuna cewa kowace shekarar karatu sai an sake nema.