Kilim ɗin Celica ya shekara huɗu bai hura sanyi ba: a zuba gas ko a fara da me?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Celica ƙirar 1991, mai ƙofa biyu, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Injinta lafiya lau, amma kilim ɗinta ya mutu tun kusan shekara huɗu. In na danna maɓalli fanka na hurawa, sai dai iska mai zafi. Wani mai gyara ya ce in kawo ya zuba gas kawai, wani kuma ya ce sai an sauya kwamfuresa. Ga bazara ta matso. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na ji daɗi da ka riƙe motar nan ba ka bar ta ta zama wurin kwanan kaji a bayan gida ba.

Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, don duk su biyun sun yanke hukunci kafin su duba. Abu na farko da nake so ya zauna maka a rai shi ne gas ɗin kilim ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagaye yake yi cikin bututu a rufe: kwamfuresa ta matsa shi, ya huce a kwandensa da ke gaban lagireto, ya ratsa ta wani ɗan bawul mai ƙunci, ya yi sanyi a ƙaramin lagireton da ke ɓoye ƙarƙashin dashbod, ya komo. In ya ƙare, to akwai inda ya yoye. Wanda ya zuba sabo bai toshe wurin ba, ya zuba ruwa a kwando ne, mako biyu ko uku ka dawo da wasu jakkunan a hannu.

Kafin kowa ya taɓa ta, buɗe murfin inji ka nemi bakunan nan biyu da ake zuba gas, a jikin bututun aluminiyam. In bakin yana da zare a waje kamar bawul ɗin taya, motar tana kan tsohon gas, R12. In kuwa mai kauri ne wanda ake danna masa kan tiyo ya kama, wani ya riga ya mayar da ita kan sabon gas, R134a. Celica ta 1991 da R12 ta fito daga masana'anta. Gas ne mai sanyi ƙwarai, amma yana cin rufin ozon na sararin sama, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yin sa. Kamfanonin mota suka koma R134a wajen 1993 zuwa 1995, ƙasashe irin namu kuma wa'adinsu ya cika a 2010. Don haka in ka ga gwangwani a kasuwa an rubuta R12, ka yi shakkarsa. Sau da yawa gauraye ne, wani lokaci har da gas mai kama wuta.

A nan ne yawancin tsofaffin motocinmu ke mutuwa, don haka bari in tsaya. Ba gas kaɗai ke yawo cikin bututun ba, akwai mai, kuma gas ne ke ɗauke da man ya kai wa kwamfuresa. R12 yana tafiya da man ma'adini. R134a ba ya narkewa da wannan man, sai ya bar shi kwance a ƙasan kwandensa ya yi gaba shi kaɗai, kwamfuresa ta dinga juyi a bushe. Na san haka da hannuna. Farkon shigata sana'ar nan na zuba R134a a wata tsohuwar mota ba tare da na sauya mai ba. Sanyi ya zo, mai mota ya yi ta sa mini albarka. Bai yi wata ba ya kira ni daga hanyar Tasawa, bel na hayaƙi, kwamfuresa ta ƙafe. Da na kwance ta na tsiyaye man a tafin hannuna, baƙi ƙirin yake, da garin ƙarfe yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Har yau ina jin kunyar ranar. Man da ya dace da R134a shi ne PAG, in an wanke bututun tsaf. In kuwa ana tsoron sauran tsohon mai ya maƙale, man esta ya fi haƙuri da gauraye.

To kwamfuresar taka ta mutu? Wataƙila a'a. Akwai wani ɗan makunni da ke jin ƙarfin gas. In gas ya yi ƙasa, sai ya hana wuta zuwa ga kulocin kwamfuresa, wato abin da ke haɗa ta da juyin inji, don ya cece ta. Mutane da dama sun sayi kwamfuresa alhali tasu barci kawai take yi. Ga yadda za ka gane. Inji a kashe, ka kama farantin da ke gaban kwamfuresa, ba fulin da bel ke ja ba, ka juya da hannu. In ya juya da ɗan nauyi sumul, akwai rai. In ya ƙi motsi ko kana jin yana gurza, ta tafi. Sannan a duba fis da rile, a ba kulocin wuta volt 12 kai tsaye na daƙiƙa biyu a ji ko zai ce ƙas. Daƙiƙa biyu na ce. Kada ka yarda a haɗe wayar makunnin nan a bar inji na gudu ba gas.

Sai neman yoyo. Ido ya fara: duk inda gas ya fita, mai ya bi shi, ƙurar Maraɗi kuma ba ta barin mai ya ɓuya. Bi kowace mahaɗa, inda ka ga jan laka ya dunƙule a jikin bututu alhali gefensa a bushe, nan ne. Ka leƙa bayan fulin kwamfuresa, don shekara huɗu ba juyi robar da ke toshe sandarta ta bushe. Ka durƙusa ka dubi kwandensa da kyau. Celica gajeriya ce, hancinta kusa da ƙasa, duk tsakuwar da motar gaba ta watso a kwandensa take sauka. Bayan ido, a cika bututun da iskar nitirojin, a shafa kumfar sabulu, a bar geji a kai na wasu awanni a ga ko allura za ta sauka. Ina roƙonka, kada kowa ya gwada da tukunyar oksijin ta masu walda. Oksijin da mai in suka haɗu cikin matsi fashewa suke yi.

In an kwance, akwai abubuwan da ba a jayayya a kansu. Kwalbar nan mai tsotse danshi, wadda ke da ɗan gilashi a kanta, dole a sa sabuwa, kuma ita ce ta ƙarshe da za a ɗaura, don da an buɗe ta take fara shan danshin iska. Duk zobban roba baƙaƙe a cire, a sa koraye masu jure R134a, a shafa musu mai kafin a ɗaure. Bawul mai ƙunci ma ni sauya shi nake yi tunda an riga an shiga ƙarƙashin dashbod. A nan za ka ga ƙaramin lagireton ya toshe da ƙurar hunturu ta shekara talatin, wani lokaci har da sheƙar ɓera. Wanke shi kaɗai yana ƙara iskar da ke fitowa. Kayan Toyota ba sa wuyar samu, in babu a nan akwai su Katsina ko Kano, amma ka tafi da tsohon a hannu a gwada.

Daga nan famfon zuƙe iska, minti 30 zuwa 45, a kashe shi a jira a ga allura ta tsaya cak. Wanda ya ce maka zai "kore iska da gas" maimakon famfo, ɗauki makullinka ka tafi. Danshin da ya rage yana daskarewa a bawul ya toshe shi, ka ga sanyi na zuwa yana ɗaukewa, sannan a hankali ya zama asid ya ci bututu daga ciki.

Gas kuma a auna shi a sikeli. Akwai takarda manne a ƙarƙashin murfin inji da ke faɗin giram nawa na R12 motar ke ɗauka. Na R134a a zuba kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na wannan. Kada a ci gaba da zubawa wai sai kumfa ta ɓace a gilashi, wannan dabarar R12 ce, a R134a tana sa a cika ta wuce kima. Kuma kada R22 na kilim ɗin ɗaki ya kusanci motarka, ƙarfinsa ya fi na tiyonta nesa ba kusa ba.

Zan gaya maka gaskiya kan abin da za ka samu. R134a yana matsi fiye da R12 a ɓangaren zafi, wato wajen kwandensa, tsohuwar kwandensa kuma ba don shi aka yi ta ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ka ji sanyi mai kyau a kan titin Dan Isa, amma in ka tsaya a cunkoson bakin babbar kasuwa zai ragu. Maganinsa a tabbatar fankokin lantarki na gaba suna tashi duk sa'ad da aka kunna kilim, a wanke tsakanin kwandensa da lagireto, in aljihu ya yarda kuma a sa kwandensa irin ta zamani mai ƙananan hanyoyi da yawa a jere. In da kuɗin abu ɗaya kawai gare ka bayan toshe yoyo, ni a nan zan sa su, ba a sabuwar kwamfuresa ba. Ka riƙa kallon allurar zafin inji a makon farko, don kilim ƙarin kaya ne a kan lagireton da ya tsufa.

In ta tashi, ka riƙa kunna ta minti goma kowane mako, har cikin sanyin Janairu, don mai ya zagaya ya jiƙa robobi. Yanzu dai je ka buɗe murfin, ka dubi bakunan nan biyu, ka juya farantin, ka rubuto mini abin da ka gani kafin ka ba kowa ko dala.